Kafin Ka Shiga Ɗakin Likita a Kurmi

Na taɓa raka wani kawuna, mai sayar da albasa a kasuwar Ose da ke Anacha, zuwa asibiti. Mun yi sammako, mun yanki kati, mun zauna a benci tun ƙarfe bakwai har rana ta take tsaka. Da aka kira shi, likita ya ɗago kai ya tambayi abin da ke damunsa. Kawu ya gyara zama ya ce, "Taifot ne." Likita ya rubuta, ya ce tun yaushe? Kawu ya ce, "To, an kwana biyu." Ni ne tafinta, ga ƙuruciya, sai na juya maganar yadda ta fito: kwana biyu. Alhali wata uku ke nan bawan Allah yana zazzaɓin yamma, yana jiƙa riga da gumi cikin dare, wandonsa har ya fara zamewa daga ƙugu. Ba mu yi minti biyar ba muka fito da takardar magani. Sai bayan wata biyu, da tari ya fara zuwa da jini, aka gwada kakinsa aka ga tarin fuka ne. Ya sha magani wata shida ya warke, alhamdu lillahi. Amma har yau in na tuna ranar sai in ji nauyi a ƙirjina, domin rabin kuskuren daga bakinmu ya fita.

Likita da labarin da ka kawo masa yake aiki. A 1975 wasu likitoci a Ingila sun bi diddigin sababbin marasa lafiya 80, suka tarar 66 daga cikinsu an gane ciwonsu tun daga takardar turowa da bayanin bakinsu, kafin a taɓa jikinsu ko a ɗebi jini. Wani bincike na 1984 a Amurka kuma ya nuna likita kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. To ka haɗa waɗannan biyun, ka ɗora musu halin da muke ciki a Fatakwal da Anacha da Inugu: likita ɗaya, layi har bakin ƙofa, shi yana jin Turanci da Ibo ko Ikwerre, kai kana jin Hausa da ɗan buroka na ciniki. Hausawa sun daɗe a garuruwan nan, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk da haka burokan da ke sayar da doya a Mile 3 ko rago a New Artisan ba ya isa ya bayyana yadda ciwo ke tsarga mutum daga mara zuwa baya. Shi ya sa ake fara shirin ganin likita tun daren jiya.

Samu takarda da biro. In boko ba ta zauna ba, rubuta da ajami, ko ka sa yaro ya rubuta, ko ka ɗauki muryarka a waya. Abu na farko shi ne ranar da ciwon ya fara, da lissafi. In ba ka riƙe kwanan wata ba, kama da abin da ba ka mantawa: Juma'a nawa aka yi tun lokacin, kafin Babbar Sallah ne ko bayanta, lodi nawa ka sauke a tsakani. Daga nan sai wurin ciwon, wanda za ka nuna da yatsa ɗaya, kada ka shafa ciki gaba ɗaya da tafin hannu. Sai irinsa: suka yake, ko murɗa, ko zafi kamar an zuba barkono, ko nauyi kamar an ɗora buhu? Yana tsaye wuri ɗaya ko yana tafiya? Me ke tayar da shi, cin abinci ko yunwa, hawan bene ko kwanciya? Sannan abubuwan da suka zo tare da shi, ko da kana ganin ba su da alaƙa: rama, gumin dare, yawan fitsari da ƙishirwa, canjin launin fitsari ko bayan gida, kumburin ƙafa, jiri. A ƙarshe ka rubuta cututtukan gidanku, wato hawan jini, ciwon suga, sikila, da duk wanda kuke kwana ɗaki ɗaya da shi yana tari. A saman takardar ka sa abu ɗaya da ya fi tayar maka da hankali, shi za ka fara faɗa, tunda ba ka san ko za a bar ka ka kai na uku ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne sunayen ciwo na Hausa, don nan ne ramin da ya fi cin mutanenmu. Sunayenmu manyan buhuna ne, kowanne an zuba abubuwa da yawa a ciki. Ɗauki basir. A bakin Bahaushe, basir na iya zama tsiro a dubura, ko jini a bayan gida, ko taurin ciki, ko ciwon baya, ko kasala, ko raunin mazakuta. In tafinta ya juya shi da kalmar Turanci ɗaya, likita zai ji tsiron dubura kawai, ya rubuta man shafawa. Alhali jini a bayan gida ga mutumin da ya haura arba'in, tare da rama da sauyin yadda yake fita, yana iya zama kansar hanji, kuma ba a gane ta sai an duba. Haka sanyi: wani yana nufin mura, wani ciwon gaɓoɓi, wata kuma ƙaiƙayi da fitar ruwa a gaba. Shawara na iya zama idon da ya yi ɗorawa saboda ciwon hanta, ko maleriya mai tsanani, ko toshewar hanyar matsarmama, ko kuma zazzaɓi da kasala kawai ba tare da ido ya canza ba. Daji na iya zama kansa, yana iya zama gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafar mai ciwon suga. Fuka da tarin fuka a kunne kusan ɗaya suke, a asibiti kuwa asma daban, tibi daban, maganinsu bai ko yi kama ba. Na ma taɓa jin yaro ya juya "zuciyata tana tashi" kalma da kalma, likita ya ɗauko abin sauraron ƙirji, alhali amai matar take ji.

Maganin wannan ɗaya ne: ajiye sunan a gida, ka kawo abin da ido ya gani da abin da jiki ya ji. Maimakon "basir ne", ka ce, "Sati shida ke nan ina ganin jini ja a bayan gida, sau biyu ko uku a mako, kuma na rame." Maimakon "olsa ce", ka ce, "In na ɗauki kaya ko na hau gadar sama sai ƙirjina ya ɗaure, ciwon ya sauka hannun hagu, in na huta ya lafa." Wannan jimlar ta biyu, duk likitan da ya ji ta zai ajiye maganar olsa ya nemi awon zuciya. Da zarar ka furta suna, ka ɗora likitan da ya gaji a kan hanya, kuma ɗan Adam ne, yana iya bin ta.

Zaɓen tafinta ma aiki ne. Wanda ya fi kowa surutu a tasha ba lallai ya dace ba. Nemi mai haƙuri, mai riƙe sirri, ka ce masa tun a hanya, "Don Allah abin da na faɗa shi za ka faɗa, kada ka rage, kada ka ƙara, in ba ka san kalma ba ka ce ba ka sani ba." A masallatan Juma'a, irin na Bida Road a Anacha, da fadar Sarkin Hausawa na kowane gari, ba a rasa ɗalibi ko ma'aikacin lafiya ɗan Arewa da zai taimaka. A manyan asibitoci kuma yana da kyau ka tambayi nas ko akwai mai jin Hausa a bakin aiki, don sau da yawa akan samu wanda ya yi karatu ko hidimar ƙasa a Arewa, ko Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ga mata abin ya fi tsanani. Uwa ba za ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe ta bakin ɗanta namiji ba, matar aure ba za ta yi maganar ciwon mara a gaban ƙanin miji ba. Mace ta tafi da mace. Kuma 'yar'uwa, ki riƙe ranar al'adarki ta ƙarshe a kanki kamar lambar wayarki: ɓatan wata da ciwon mara a gefe ɗaya da ɗigon jini ko jiri na iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe yana kisa cikin sa'o'i, kuma an sha ɗaukarsa taifot. Kunya adonmu ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai leda. Duk abin da ka sha tun da ciwon ya fara, zuba shi a leda ka tafi da shi: kwalin, fankon sacet, kwalbar, har ƙullin haɗin da mai kemis ya ba ka babu suna. "Na sha wani fari da wani ja-da-rawaya" ba bayani ba ne. Dalilin yana da girma. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka sha jiya yana iya hana gwajin jini nuna komai yau. Ciprofloxacin, wanda ake ba mutane kamar gyaɗa da sunan taifot, yana lafar da tarin fuka na ɗan lokaci, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, a makara wajen gano shi. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da masu dako da 'yan lodi ke sha kullum, suna ƙwarzar ciki suna taɓa ƙoda. Dexamethasone yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini. In likita bai san kana shan su ba, zai yi ta neman asalin ciwon a wani wuri. Ga kuma maganar jabu: kasuwar magani ta Ogbo Ogwu a Bridge Head, hukumar NAFDAC ta rufe ta a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta a Fabrairun 2025. In likita ya ga kwalin da idonsa, zai iya tunanin ko ciwon ne bai ji magani ba, ko kuwa maganin ne babu komai a cikinsa.

Na gargajiya ma a faɗe shi, jiƙo ne ko sassaƙe ko tsimi ko garin da ake sha da kunu. Mutanenmu kan ɓoye don gudun faɗan nas. Faɗan minti ɗaya ne, hanta da ƙoda kuwa ba su da madadi. Akwai kuma al'adun da likitan Kudu bai taɓa gani ba, sai kin buɗe baki kin bayyana. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, amma ciwon yana nan, kuma ya fi yawa a cikin matanmu. Mai jegon da numfashinta ke sarƙewa in ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, tana tari cikin dare, ta gaya wa likita yaushe ta haihu, ta gaya masa tana wanka da tafasasshen ruwa tana shan kanwa, ta roƙi a duba zuciyarta. In ba haka ba, ana iya sallamarta da maganin asma.

Faɗi inda ka je da sana'arka, ko ba a tambaye ka ba. Mu mutanen hanya ne, yau Oyigbo, jibi Mubi ko Illela. Likitan da ke zaune a Fatakwal ba kullum yake ganin sanƙarau ba, amma wanda ya dawo daga Sakkwato ko Zamfara a watan Maris da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, shi ya kamata a fara tunani. Mashaƙo ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, don haka yaron da aka kawo daga can da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ba a ce masa mura kawai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969, yana tashi da rani a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba da Ebonyi maƙwabciyar Inugu, yana farawa tamkar maleriya, kuma maganinsa ya fi aiki a kwanaki shidan farko. Mai kwana a shagon hatsi inda ɓeraye ke yawo ya ambaci hakan. Mahauci da ɗan tiken shanu a Gariki ko Ugwuoba ko Amansea su ce da dabba suke aiki, domin cutar da makiyaya ke kira bakkale tana kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa mahaifar saniyar da ta yi ɓari, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta maganin maleriya a banza. Mazaunin Fatakwal kuma kada ya yi saurin ɗora kowane tari a kan baƙin hayaƙin da ya addabi garin tun 2016. Tarin da ya kai sati biyu a gwada kaki, gwajin da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Fatakwal ta ga abin da ɓoye labari ke jawowa. A ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya, ya musanta cewa ya kusanci mai Ebola, aka fara yi masa maganin maleriya, har sai da Dakta Stella Adadevoh ta ƙi yarda da wannan bayanin ta hana shi fita daga asibiti. Wani da ya yi hulɗa da shi ya sulale zuwa Fatakwal, aka yi masa magani a ɓoye a ɗakin otal, likitan da ya duba shi ya kamu, ya rasu ranar 22 ga Agusta. Mutum 8 cutar ta kashe a Najeriya, ciki har da ita Dakta Adadevoh.

Yanzu ga tagwayen da kowa ya sani, "maleriya da taifot". Kusan duk wanda ya shiga ƙaramin ɗakin gwaji da zazzaɓi, da su yake fitowa. Gwajin Widal da ake dogara da shi, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi a 1896, kuma yana iya nuna alama a jikin wanda ya taɓa yin taifot shekarun baya, ko wanda aka yi wa rigakafi, ko mai maleriya zalla. Gwaji ɗaya na Widal ba hujja ba ne. Wanda ya kamata a dogara da shi shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma kafin a fara magani ake ɗibansa. Maleriya kuwa, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Sai dai a ƙasar da sauro ba ya hutu kamar Kurmi, mutum na iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jini alhali wani abu ne daban ke kwantar da shi, kuma gwajin tsinke na iya ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Ƙa'idar da zan ba ka ita ce: in ka shanye maganin maleriya na kwana uku daidai yadda aka ce, zazzaɓi bai sauka ba, kada ka sayi wani, koma ka ce a sake dubawa. Wanda aka yi wa maganin taifot sau uku a shekara ɗaya, ya nemi babban asibiti.

Wasu gwaje-gwajen suna da shiri. Awon suga na safe yana son awa 8 ba ci, sai ruwa. Kafin awon hawan jini a bar goro da sigari da kofi na rabin awa, a zauna minti biyar a huta. Kakin asuba ya fi, daga ƙirji, ba yawu ba. In kana azumi ka faɗa, don a san yadda za a karanta sakamakon a kuma tsara lokutan shan magani.

Kafin ka tashi daga kujera, tambayi abu huɗu cikin ladabi: "Likita, me kake zaton yana damuna? In ba shi ba ne, me kuma zai iya zama? Kwana nawa zan jira in ga sauƙi? Wace alama zan gani in dawo da gaggawa?" Ta biyun ita ce mai tsada, domin tana sa likita ya waiwaya ya sake duba hanyar da ya biyo. Sannan ka maimaita abin da ka fahimta da bakinka, ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa, ya gyara maka in ka kauce. Mun saba da gyaɗa kai da "to, to" don girmamawa, ko ba mu gane ba. A nan wurin gyaɗa kai cutar kai ne. Ba roƙo kake ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi, cikin harshen da yake ji in da hali, ta kuma hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Ka ce a rubuta maka sunan ciwon a takarda da manyan baƙaƙe.

In an yi ta magani babu sauƙi, neman ra'ayin likita na biyu ba cin fuska ba ne, likitan kirki shi da kansa zai rubuta maka takardar turawa. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na jami'ar tarayya a Alakahia, da na jihar Ribas wanda har yau ake kira BMH. A Inugu akwai na Ituku-Ozalla a wajen gari kan hanyar Fatakwal, da Parklane a cikin gari, da asibitin ƙashi na ƙasa. Mutumin Anacha yana da na koyarwa a Nnewi, ko ya haye gada zuwa cibiyar lafiya ta tarayya a Asaba. Tambayi ranar da likitan fannin ciwonka ke zama kafin ka kashe kuɗin mota, ka kuma bincika ko ana yajin aiki. A Anacha da kewaye, tun da aka fara zaman gida na ranar Litinin a Agustan 2021, mai hankali kan tambayi yadda hanya take kafin ya karɓi alƙawarin wannan ranar.

Akwai alamun da ba a jira musu gobe, balle takarda da biro: ciwon ƙirji mai ɗaurewa da gumi, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko harɗewar harshe farat ɗaya, jijjiga, aman jini, sarƙewar numfashi, zubar jini ko matsanancin ciwon kai ga mai ciki, yaron da ya kasa shan nono ko ya sanƙame. Waɗannan sashen gaggawa ake nufa kai-tsaye, ko tsakar dare ne.

Na san abin da zuciya ke raya wa ɗan ci-rani in jiki ya ƙi: a haɗa masa kuɗin mota ya tafi gida, in mutuwa ce ta same shi cikin dangi. Na ga an kwantar da mutum a bayan tirelar da ta sauke shanu, tafiyar kwana da yini, da ciwon cikin da tiyatar awa ɗaya za ta raba shi da shi a nan inda yake. In tafiyar ta zama dole, a fara ganin likita ya ce jikin zai ɗauki hanya. Sannan a karɓi kwafin komai, sakamakon jini, hoton ƙirji, sikanin, takardar sallama, sunayen magunguna, a jera su bisa kwanan wata, a ɗauki hoton kowanne a waya a tura wa wani ɗan'uwa, a naɗe na takarda a leda biyu saboda ruwan Kurmi. Likitan da zai karɓe shi a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika zai ɗora daga inda na Inugu ya tsaya, ba sai an sake ɗiban jini an koma farko ba.